Kawu Tela Ya Auna Fim

Daga ɗakin kwanan ɗalibai,
Litinin, 2 ga wata.

Kawuna na kaina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da Inna, da keken ɗinkinka wanda na san ya fi mu duka samun kulawa. Yaya ciwon bayan? Ni na iso lafiya. Mu biyu ne a ɗaki, ni da wata ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙaro karatu kamar ni. Gadon sama aka ba ni, kullum da safe goshina ne ke fara gaisawa da silin.

Na san ba ka son waya, ka ce tana cinye rabin magana ta bar maka rabin da ba shi da amfani. To ga takarda ta hannun Direba, mai motar haya ta garinmu.

Kawu, maganar kallon Asabar ce. Shekara biyu ke nan ina tara iyalai a ɗakin taron ikkilisiya kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙarfe uku na rana, mu saki baƙin labulen da ka ɗinka mana, mu kunna majigi, mu kalli fim tare, sa'an nan mu tattauna. Matasanmu kallo za su yi, ko mun so ko mun ƙi. Na fi son su yi shi kusa da iyayensu su koyi tambaya, da su yi shi a lungu su koyi ɓoyewa. Da yara goma sha ɗaya muka fara, yanzu benci ba ya isa. Ka kuma san Dattijo Mai Kemis tun ranar farko yake jiran mu yi tuntuɓe ya sa a rufe abin.

Wata shida zan yi a nan. Da Fasto ya tambaye ni wa zai riƙa tantance fim kafin a nuna, ban yi dogon tunani ba na ce Kawu. Kai ne ba ka taɓa barin riga ta fita shagonka ba sai ka juya cikinta ka duba.

Na bar kwamfutata wurin Inna, fim biyu ne a ciki. Ɗaya na kalla har sau uku. Ɗayan mai sayar da fina-finai ne ya ba ni ranar da zan taso, ko buɗe shi ban yi ba. Da gangan ba zan faɗa maka wanne ne wanne ba, domin a nan ana koya mana cewa malami nagari ba ya ba ɗalibi amsa, yana barinsa ya gano da kansa. Ka gafarce ni, na mai da kai ɗalibi da furfurarka. Ka kalla, ka yi addu'a, ka tambayi kanka: wannan ya dace uba da uwa da ɗa su zauna benci ɗaya su gani?

'Yarka,
Malamar matasa.

*

Daga shago,
Juma'a, 6 ga wata.

'Yata Malama,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Direba ya kawo takardarki tare da wandonsa da ya ɓarke, na karanta ɗaya na ɗinke ɗaya. Bayana da sauƙi. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci, wai tun kafin ki tafi wuyanki ya fara tsawo.

Aikin da kika ba ni na gama shi jiya kafin tsakar rana. Ban san me ya sa kike ɓata yini guda a kansa ba.

Ga yadda na yi. Na ɗora kwamfutar a kan teburin yanka, gefen keke. Na kashe muryar, don keke na ƙara, kuma ba na so masu kawo ɗinki su ce Tela ya tsufa ya koma kallon fim. Ban da haka, ni ba da kunne nake sanin mutum ba. Shekara arba'in da ɗaya ina auna mutane. In mutum ya ce mini a ɗaga kalmasar da inci biyu, na riga na san inda za shi ranar Asabar. Innarki ta nuna mini layin nan na ƙasa da ake ja fim ya yi tsalle. Sai in ja, in tsaya, in ɗora tef a kan gilashin in auna, in sake ja.

Na farko, mai ambaliyar ruwa, na ja shi kai tsaye zuwa ƙarshe, don a ƙarshe ake gane ɗinki. Malama, me zan gani? Wani ƙaton mutum da riga ba hannu, ba aljihu, ta tsaya can sama, cibiya a waje kamar maɓallin kwat. Yara cikin tsumma, kowa gwiwa a fili. Na rufe. Wannan ko a ɗakin wanka ba zan nuna shi ba.

Na biyu kuwa, kai! Wani babban gida ne, da wata dattijuwa mai riga har idon sawu, maɓalli goma sha ɗaya daga ƙirji zuwa maƙogwaro, na ƙirga. 'Ya'yanta maza kowa da kwat mai falmaran, kafaɗa ta zauna daram, ko ni ban isa in gyara ba. Suna sunkuyar da kai kafin su ci abinci. Ga karɓar baƙi: duk wanda ya zo sai an zaunar da shi a dogon tebur an zuba masa shayi, har wasu baƙin barci suke yi a kan teburin saboda sakin jiki. Kuma ba malalata ba ne, sau uku na ga mazan suna haƙa a lambu, ko kwat ba su cire ba. Daga farko har ƙarshe ban ga gwiwar kowa ba.

Shi za mu nuna ranar 28. Na je da ƙafata na gayyaci Mai Kemis, na ce ya zauna bencin gaba ya ga yadda ake zaɓen fim.

In kina da gyara ki rubuto. In na ji shiru, na san kin yarda.

Kawunki.

*

Laraba, 11 ga wata.

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, lafiyata ƙalau, amma don Allah KADA KA NUNA FIM ƊIN NAN.

Na karanta wa abokiyar ɗakina takardarka muna dariyar tef, da na zo wurin maɓalli goma sha ɗaya sai ta daina dariya. Ta ce ta san fim ɗin. Kawu, baƙin nan ba barci suke yi ba. Guba ce a cikin shayin. Ramin lambun kuma ba na shuka ba ne.

Na kira wayarka sau tara, a kashe. Na kira ta Inna, aka ce ba ta shiga. Lambar Fasto tana cikin tsohuwar wayata da na bari a gida. Mai ambaliyar shi ne wanda na kalla sau uku, shi za ka nuna. Na gaya wa Direba wannan takarda ta fi fasinja gaggawa, ya ce in kwantar da hankalina.

'Yarka.

*

Daga shago,
Talata, 31 ga wata.

'Yata Malama,

Alheri da salama. Lafiyar jiki dai muna da ita. Innarki tana gaishe ki, ni kuwa kwana uku ke nan ba ta gaishe ni ba.

Da na ji shiru har mako uku, na ce yarinyar nan ta ga aiki ta rasa abin gyarawa. Ranar Asabar na sa farar babbar rigata na tafi.

Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Mai Kemis a bencin gaba da jikokinsa biyu. Maman Fasto ta ɗora tukunyar shayi a baya kamar kullum, don a sha bayan kallo. Kafin a fara na tashi na yi jawabi. Na ce, "Iyaye, ku kalli gidan nan ku koyi karɓar baƙi. 'Yan mata, ku kalli dattijuwar nan ku yi koyi da ita." Har tafi aka yi mini.

Minti ashirin na farko lafiya lau. Sai dai na lura kiɗan bai yi kama da na mutanen kirki ba, wani irin gurnani ne kamar keke ya rasa mai. Sai baƙon farko ya zo. Dattijuwar ta juya baya, ta ciro wata 'yar kwalba daga hannun rigarta. Malama, hannun rigar nan da na yaba! Ashe faɗinsa na ɓoye kwalba ne. Baƙon ya kurɓa, ya kama wuya, ya kife a kan tebur.

Wata yarinya ta ce, "Mama, barci yake yi?"

Mai Kemis ya amsa daga gaba, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wanda ba a tashi ba."

Na yi tsalle zan kashe majigin, ban san inda ake kashewa ba. Na danna wani abu, murya ta ƙaru. Na danna wani, hoton ya ƙara girma. Sai na tsaya a gaban hasken na baza hannuwa don in tare. Na manta farar riga ce a jikina. Innarki ta ce baƙo na biyu a kan cikina ya mutu, kowa ya gani tsaf, har ya fi na bango fitowa. Na cire hula na toshe idon majigin. Hoto ya ɗauke, ɗaki ya yi duhu saboda labulen nan nawa mai kauri, murya kuwa ba ta ɗauke ba, sai ihu da ƙarar shebur. Nan yara suka haɗa nasu ihun. Da ƙyar Fasto ya laluba ya zare wayar wuta daga bango.

Maman Fasto, baiwar Allah, ta ce a kwantar da hankali, ga shayi. Malama, ko mutum ɗaya bai taɓa kofi ba. Ta miƙa wa mai kaɗa ganga, ya ce yana azumi, ga burodi a bakinsa.

Jiya dattawa suka zauna. Mai Kemis ya ce jikarsa ta ƙi shan maganin tari, sai ya fara sha tukuna, yanzu shi ne ke barci a kanti. Ya ce a kulle majigi a sito, labule kuma a yanka shi a rufe tebura. Fasto ya yi ta roƙo har aka yarda da Asabar ɗaya tak. In ko iyaye ɗaya suka yi ƙorafi, shi ke nan an rufe.

Yau da safe Direba ya shigo yana sosa ƙeya, ya miƙo mini takardarki ta 11 ga wata, duk baƙin mai. Wai a ƙarƙashin kujera ya same ta, ya dunƙule ta ya toshe wani abu da ke ƙara. Na karanta sau biyu. Wandonsa na gaba dai zai jira.

'Yata, abin da kika gina shekara biyu na rushe shi cikin minti ashirin da biyar. Matasanki sun wuce ta ƙofar shago jiya, suka gaishe ni da ladabi, wannan ya fi zagi ciwo. Ki nemi wani. Ni tela ne.

Kawunki.

*

Asabar, 4 ga sabon wata.

Kawuna,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ina lafiya. Wannan takarda ta hannun matar Direba na aiko ta, ita ba ta toshe komai da wasiƙa.

Na yi dariya har na yi kuka, daga baya na yi kukan ba dariya. Laifin nawa ne. Na ba ka fim ɗin da ban kalla ba, na ɓoye maka wanda na sani, wai ina gwada dabarar koyarwa. Na kai wa malamarmu labarin, ta ce, "An ce ki bar ɗalibi ya gano amsa, ba a ce ki bar shi da ashana a ɗakin yadi ba." Ka yafe mini.

Amma ba zan nemi wani ba. Ka yi kuskure ɗaya ne kawai: ka duba rigar ba ka juya cikinta ba, abin da ba ka taɓa yi a shago ba.

Ba laifi ba ne ka kula da sutura, ni ma ina kula. Sai dai fim yana da ciki. Kusan kowane labari akwai mugunta a cikinsa, Maganar Allah ma ba ta ɓoye mana laifofin mutane ba, amma ba ta taɓa yi wa laifi kwalliya ba. Abin da nake tambayar kaina shi ne, in fim ya ƙare, wa ya sa na ji ina so in zama kamarsa? Ya sa na ji tausayin wanda aka cuta, ko ya sa na ji daɗin cutar? Sa'an nan in tuna da mafi ƙanƙanta a ɗakin: zuciyarsa za ta iya ɗaukar wannan? Na ƙarshe, akwai abin da uba zai iya tambayar ɗansa a hanyar komawa gida? Ba a samun amsar waɗannan in murya a kashe take.

Ga roƙona. Ka rufe shago yini ɗaya. Ka sa tef a aljihun tebur. Ka zauna da Inna, ku kunna mai ambaliyar daga farko, da murya, kada ka taɓa layin nan na ƙasa. Akwai wurin da ruwa ke shiga gida, yana da ɗan ban tsoro, in za ka nuna ka faɗa wa iyaye tun kafin a fara su ɗora ƙanana a cinya. In ka gama ka ga bai dace ba, na yarda da hukuncinka, ko da za a rufe.

Ka ce wa Inna na ce ta gaishe ka.

'Yarka.

*

Daga shago,
Litinin, 27 ga wata.

'Yata Malama,

Alheri da salama. Muna lafiya. Innarki ta dawo da gaisuwa, har da ƙarin nama.

Na yi yadda kika ce, sai abu ɗaya: tef ɗin a aljihun rigata na sa shi, ba na tebur ba. Amma ban fito da shi ba.

Da aka fara, na ce wa Innarki ba fim ɗin ba ne, ta canza. Domin mutumin nan mai cibiya, ga shi da riga doguwa mai ratsin shuɗi, hannu har wuyan hannu, aljihu biyu, ɗinki mai kyau. Ta ce in yi shiru. Ruwa ya zo, ya cinye gida, maƙwabcinsu ya tafi da kwalekwale ya bar su. Mai rigar ya ɗauki yaransa uku, har da jariri, suka kama hanya neman uwarsu. Can sai na ga hannun rigar na hagu babu. Ba a nuna inda ya tafi ba. Na ce aikin banza, masu fim sun manta. Sai 'yarsa ta taka dutse, na ga ƙafarta a ɗaure da ƙyalle. Ratsin shuɗi.

Daga nan ban ƙara jingina ba. Aljihu ya ɓace, sai ga shi a bakin gora ana tace ruwa. Ƙasan rigar ya ɓace, sai ga jaririn a goye da shi. Saura hannun dama. Malama, kin san inda na same shi? A hannun maƙwabcin nan da ya gudu da kwalekwale, da suka tsince shi ya ji ciwo. Ba wanda ya yi magana a kai a fim ɗin. Mutumin rabar da rigarsa yake yi, ni kuma na zo ƙarshe da tef na ce ba shi da kunya. Innarki ta ce kuka nake yi. Ƙurar zare ce.

Shekaranjiya aka nuna. Mutane ba su kai na da ba, wasu iyayen a bakin ƙofa suka tsaya da takalmi a ƙafa. Ban yi jawabi ba, na faɗi maganar ruwa kawai, na kuma sa baƙar riga. Aka kalla har ƙarshe, ba ihu, sai jan hanci.

Da aka ɗaga labule Mai Kemis ya miƙe. Ya ce, "Tela, kai da kake auna gwiwa, yau cibiyar ƙato ka tara mu mu gani? Ina da ƙorafi."

Fasto ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tuna dabararki, wadda ta kusa kashe mu. Na ce, "Dattijo, ka ba ni minti biyar." Na juya wurin yaran na ce, "Rigar nan doguwa ce da farko. Ina ta tafi?"

Sai jikar Mai Kemis, mai ƙin maganin tari, ta ce, "Tana ƙafar yarinyar!" Aka ce a mayar baya a gani. Wannan karon na san inda ake dannawa, Innarki ta manna mini takarda a wurin. Ɗakin ya kaure. "Ga aljihun!" "Ga ta a bayan jariri!" Iyayen bakin ƙofa suka shigo. Aka samo uku, na huɗu ya gagara. Na ƙi faɗa.

Sai muka ji murya daga bencin gaba. "Hannun maƙwabcin, mana! Ba ku da ido ne? Kuma ya ɗaure shi daidai, sama da ciwon, ba kamar yadda kuke zuwar mini da shi kanti ba."

Wani saurayi ya ce, "Baba, amma shi ne fa ya gudu ya bar su."

Mai Kemis ya ce, "To da wa kake so a ɗaure wa? Wanda ya kyauta maka ai ko ɓarawo yana ɗaure masa." Ya juya ya kama yi musu bayani, shi da ya zo rufe taro. Minti arba'in. Ni da na roƙi biyar ban samu biyu ba.

A ƙarshe Fasto ya ce, "Dattijo, ƙorafin fa?" Mai Kemis ya ce bencin gaba yana da ƙusa.

Maman Fasto ta kawo shayi. Kowa ya tsaya yana kallon tukunyar. Mai Kemis ya ɗauki kofi, ya sansana, ya kurɓa, ya tsaya. Ɗaki duka ya tsaya tare da shi. Da ya kai hannu zai ƙara sukari, yara suka yi kan tukunyar.

Majigi yana nan. Ki aiko da fim na wata mai zuwa, amma ki kalla tukuna.

Kawunki, mai tantance fim.

*

Alhamis, 30 ga wata.

Kawuna,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina lafiya, ban da ƙulun da ke goshina: a kan gado na karanta takardarka, na yi tsalle na manta da silin.

Sau uku na kalli fim ɗin nan, na rubuta tambayoyi shafi biyu a kansa, ban taɓa ganin inda rigar ta tafi ba. Na ɗauka ruwa ne ya yage ta.

Ga sabon fim ta hannun matar Direba, na kalle shi. Ka fito da tef ɗinka, Kawu, muna bukatarsa. Muryar dai ka bar ta a kunne.

Ɗalibarka,
Malama.